Ƙibar Jegon da Muka Yi Wa Murna

Shekarun baya, tun ina cikin masu dangwala yatsa idan an ce a sa hannu, wani abu ya faru a gidanmu wanda har yau yake dawo mini duk lokacin da na ji an ce wance ta sauka. Jiya ma an yi haihuwa a maƙwabtanmu, na ga mai ɗakina ta yafa mayafi za ta barka, sai abin ya zame mini sabo. Na ce bari in zauna in rubuta muku, tunda ajin yaƙi da jahilci ya ɗan sake mini hannu. A hankali nake tafiya, sai ku yi haƙuri da ni.

Muna zaune a wani ƙauye ta wajen Fassi. Ni manomi ne, dawa da gyaɗa da ɗan wake, ba wata sana'a bayan wannan. Gidan namu a lokacin mu uku ne: ni, da mai ɗakina, da mahaifiyata, wadda dukkanmu muke kira Inna. Mun daɗe da aure Allah bai kawo haihuwa ba. A cikin shekarun nan Inna ce take tare wa mai ɗakina bakin mutane. In wata ta zo da maganar a fakaice, sai Inna ta ce mata, "Ke kika raba wa kanki naki?" Daga nan magana ta mutu.

Da Allah Ya kawo cikin, mai ɗakina ba ta faɗa wa kowa ba, saboda kunya. Inna ce ta gane, da ta ga ta daina jure warin daddawa. Mai ɗakina ta je awo a ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, ba kullum da aka ce ta je ba, amma ta je. Da damina ta yi tsakiya ta sauka a gida, a hannun ungozoma. 'Ya mace, lafiyayya, mai kukan da ake ji har bakin rijiya.

A al'adarmu haihuwar fari gida ake tafiya wanka. To mai ɗakina tun tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu, gidansu kuma babu wata babbar mace da za ta riƙe ta. Da danginta suka fara shawarar wa za a kai wa, Inna ta katse su.

"Ba inda za ta. Ni ce uwar. Ba za a ce don ba ta da uwa aka yi mata wankan rabi da rabi ba."

Ni nawa aikin itace ne. Tun da rani na fara tarawa, don na san itacen damina sai hayaƙi. Na jibge shi a bayan rumbu, na rufe da tsofaffin zana, har ya fi danga tsawo. Ina da wani abokina direba, yana ɗaukar kaya daga kasuwanninmu zuwa Kano. Ranar da ya zo ya ga tulin, ya zagaya shi yana kaɗa kai.

"Wannan na wankan mace ɗaya ne, ko gidan burodi za ka buɗe ba ka gaya mini ba?"

Na ce masa ya je ya yi aure tukuna, sannan mu yi magana.

Inna ta kama aiki ba wasa. Kafin gari ya waye ta hura wuta, babbar tukunya tana tafasa. Ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa wa mai ɗakina ruwan, tururi yana tashi ta saman katangar banɗaki kamar ana dafa wa biki. Da la'asar a sake. Akwai gadon ƙasa a ɗakin, sai ta zuba garwashi a ƙarƙashinsa don mai jego ta kwanta a kan ɗumi. Ga ƙauri mai yaji, ga kunun kanwa safe da yamma. Kanwar kuwa Inna ba ta ƙwauronta. Takan ce ita ce take kawo nono, ita take ɗaure jikin mace. Haka aka yi mata, haka aka yi wa uwarta, kuma ita so take a ce ba a taɓa yi wa wata mai jego a garin nan irin abin da ta yi wa surukarta ba.

Bayan suna sai mai ɗakina ta fara cika. Fuska ta yi fam, ƙafafu suka yi kauri, awarwaron hannunta ya matse har sai da aka sa sabulu aka zare shi. Matan da suke zuwa gaisuwa suna fita suna yabo. Ina zaune a zaure ina jinsu.

"Kai, jego ya karɓi yarinyar nan."

"Ai hannun Inna ne. Ko uwarta iyakar abin da za ta yi ke nan."

Inna ta yi kamar ba ta ji ba, amma ranar sai ka ga ta ƙara wa wuta itace. Ni ma ban bar kaina a baya ba. Da na ga takalminta ya daina shiga, ranar kasuwar Kibiya na je na zaɓo mata silifa babba, na kawo ina ta washe baki. Har na ce wa abokina, "Ka ga amfanin gidan burodin." Wato ni a ganina itacena ne ya koma tsoka.

Akwai abubuwan da na gani, amma ban san ma'anarsu ba. Tana ɗan tari. Idan ta fito daga ɗaki za ta banɗaki, sai ta tsaya a tsakar gida ta dafa turmi kamar mai tunani. In na ce, "Lafiya dai?" sai ta ce, "Lafiya lau." Ni kuma tun da aka haihu na koma kwana a ɗakin zaure, kamar yadda ake yi, don haka abin da na sani game da ita bai wuce abin da nake gani da rana ba.

Ana haka sai mai unguwa ya yi sanarwa bayan sallah, cewa mata ma'aikatan lafiya za su bi gida gida suna yi wa matan da suka haihu a bana tambayoyi, kowa ya ba su haɗin kai. Maza suka yi ta fassara. Wani ya ce tallafi za a kawo. Wani ya ce a'a, so ake a san masu yawan haihuwa. Ni dai na ce in sun zo gidana ba za su sha wahala ba, gidana lafiya ta yi yawa har ta hana takalmi shiga.

Ranar da ɗaya daga cikinsu ta zo gidanmu an kwana ana ruwa, gona ba ta shiguwa, ina zaure ina gyara ƙotar fartanya. Mace ce mai ɗan shekaru, da hijabi, da jaka a kafaɗa, takalmanta duk taɓo. Muka gaisa, na shimfiɗa mata tabarma. Ta ce ta zo ne wurin mai jego.

Na ce, "Bismillah, Malama, tambayi. Duk abin da take ciki na sani."

Ta dube ni, ta ɗan yi murmushi irin na wadda ta saba jin wannan maganar a kowane zaure. Ta fito da wayar da take aiki da ita.

"To, Malam. Da tana da ciki ta je awo?"

"Ta je."

"Ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta, ta shanye ko ta ajiye?"

"Ta sha mana." Daga baya na ji ashe suna tayar mata da zuciya, rabinsu suna cikin kwalla.

"Madalla. Da ta zo haihuwa, jinin da ta zubar, kamar yaya yawansa? Kuma yanzu ya ɗauke ko da saura?"

Na ɗaga kai ina duban azarar zaure kamar ranar na fara ganinta. Ta yi dariya, ba ta raini ba.

"Malam, iyakar gonarka ke nan. Daga nan ta mai ɗaki ce."

Sai ta yi mini bayani a natse. Ta ce mata da yawa a ɗaki suke yin cikinsu, su haihu, su yi jegonsu, asibiti ba ta san abin da suka sha ba sai in abu ya ɓaci. Shi ya sa aka turo su su ji daga bakin matan: me suka ci, me suka sha, ina suka haihu, me ya dame su kafin haihuwa da bayanta. Ba a ɗaukar suna. Amsoshin ake haɗawa wuri ɗaya a ga abin da ya fi damun iyaye mata a yankin, a san inda za a sa hannu. In mace ta ce ba ta so, ba dole. Amma ƙa'idar aikin ita ce, matar ake tambaya da kanta, kuma ita kaɗai.

Na leƙa na sanar, na yi mata iso. Inna tana bakin ƙofar ɗaki da jaririya a cinya. Da aka gaisa, ma'aikaciyar ta fara tambayar mai ɗakina ko ta yarda a yi hira, kafin ta buɗe baki Inna ta amsa.

"Ta yarda. Ci take, sha take, ga ta nan kina gani. Sai me kuma?"

"Inna, aron 'yarki zan yi na ɗan lokaci. Mu biyu."

"Me za ki tambaye ta wanda ban sani ba? Ni nake mata wanka. Ni nake dama mata kunu."

"Na ga alama, Inna, tun daga tulin itacen can. Amma haka aikinmu yake. Uwa ma fita take yi. Duk gidan da na shiga, uwar mai jego nake fara roƙo ta ba mu wuri."

Ban sani ba ko da gangan ta faɗi haka, amma kalmar nan ta uwa ita ta ɗaga Inna. Ta saɓa jaririya ta taho gindin bishiyar da ke tsakar gida, ta tarar da ni a tsaye.

"Kai ma an kore ka?"

"An kore ni, Inna."

"To jawo kujera, mu zauna mu korarru."

Muka zauna. Inna tana jijjiga jaririya tana mita ƙasa ƙasa, wai zamani ya zo da sai an tambayi mace ko ta ƙoshi alhali ga kumatu. Hirar ta yi tsawo fiye da yadda na zata. Har Inna ta tashi ta ɗora tukunyar wankan la'asar, ta dawo.

Abin da ya gudana a ɗakin, daga baya mai ɗakina ta ba ni labari. Ta ce tambayoyin ƙanana ne, ɗaya bayan ɗaya, tun daga farkon ciki. Kina kwana a gidan sauro? Wa ya karɓi haihuwar? Me kike sha tun da kika sauka? Ta ce ba wadda za ka amsa da lafiya lau a cikinsu, dole sai ka faɗi wani abu. Tana ta amsawa har aka zo kan numfashi. Matar ta ce, "Idan za ki yi barci, a miƙe kike kwanciya ko a jingine?"

Mai ɗakina ta ce a nan ne ta ji hawaye ya zubo mata. Tun bayan suna ba ta kwanta a miƙe ba. Da ta sa bayanta a gado sai ta ji kamar an ɗora mata buhu a ƙirji, sai ta tashi ta jingina da bango har gari ya waye.

Matar ta ce, "Kin gaya wa wani?"

"A'a."

"Me ya hana?"

"Tsohuwar nan tun da duhu take tashi tana hura wuta saboda ni. Hannunta duk ya ƙone. Kowa yana yaba mata. Da wane bakin zan ce mata ba na jin daɗi?"

Matar ta ajiye wayar, ta duba ƙafar mai ɗakina. Sannan ta ce, "Abin da kika gaya mini amana ne, ba na kai shi tsakar gida. Amma wannan ɗin ba zan iya saɓa jakata in bar ki da shi ba. Kin yarda in gaya musu?"

Mai ɗakina ta ce, "Ki gaya musu. Amma don Allah kada ki ce laifin Inna ne."

Da ma'aikaciyar ta ɗaga labule ta kira mu, na ga fuskarta ba irin ta ɗazu ba ce. Muka shiga. Mai ɗakina tana zaune a bakin gado, kanta a ƙasa.

"Inna, Malam, ni ba likita ba ce, tambaya aka aiko ni. Amma na ga irin wannan. Cikar da ta yi ba ƙiba ba ce. Ruwa ne."

Inna ta gyara riƙon jaririya. "Ruwa kamar yaya? 'Yar nan, na yi jego kafin a haife ki. Na san ƙiba in na gan ta."

Matar ba ta yi musu ba. Ta naɗe hannun rigarta, ta danna damtsenta da babban yatsa, ta ɗaga. Wurin ya taso nan take.

"Kin ga tsoka. Yanzu ke ki danna ƙaurinta, nan kan ƙashi. Da hannunki, Inna, ba da nawa ba."

Inna ta miƙo mini jaririya. Ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara, ta kama ƙafar da ta saba wankewa safe da yamma, ta danna. Da ta ɗaga yatsa sai ga rami, kamar an danna tuwo mai ɗumi. Muka zuba masa ido mu duka muna jira ya cike. Bai cike ba. Inna ta shafa wurin da tafin hannu kamar za ta goge shi. Yana nan.

Matar ta ce a kai ta babban asibiti a Rano, kuma yau, ba gobe ba.

Inna ba ta ɗago ba ta ce, "Ba ta yi arba'in ba. Mai jego ba ta fita. Ga damina, ga iska. In sanyi ya shige ta, wa zai fitar?"

Ni kuwa ina tsaye da jaririya a hannu, ban taɓa ƙetare maganar Inna ba tun da na yi wayo. Ina ta juya yadda zan fara, in ce me, ta wace hanya. Kafin in samo bakin zaren, Inna ta ɗago haɓar mai ɗakina da yatsa biyu.

"'Yar nan, dube ni. Akwai abin da yake damunki?"

"Ba na iya kwanciya, Inna. Numfashina ɗaukewa yake."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan suna."

Inna ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana, "Ina shigowa da asuba in gan ki a jingine da yarinya a ƙirji. In ce a raina, kai, Allah Ya ba ta abin da ta daɗe tana nema, son 'ya ya hana ta kwanciya."

Ta dafa gado ta miƙe. Ta fita tsakar gida, ta janye itacen da ke ƙarƙashin tukunyar wanka ɗaya bayan ɗaya, ta yayyafa musu ruwa. Sannan ta juyo kaina.

"Kai kuma ka tsaya kamar an dasa ka. Ba ni yarinyar. Je ka nemo abokin nan naka mai surutu, ya kawo mota."

Na tarar da abokina ya gama lodin buhunan da zai kai Kano. Da ya ji abin da ya kawo ni, sai ya kama sauke su a rumfar wani. Aka sa mai ɗakina a gaba. Inna ta goya jaririya da kanta, ta kuma lulluɓe mai jego da bargo har biyu, don ita maganar sanyi ba ta bar ranta ba. Ma'aikaciyar ta rako mu bakin mota, ta gaya mini abin da zan faɗa in mun isa, ta sa na maimaita mata kamar ɗan makaranta. Daga nan ta saɓa jakarta ta nufi gida na gaba. Hanya duk taɓo, abokina yana lallaɓa motar yana kauce wa ramuka. Ban taɓa ganinsa ya yi tafiya mai tsawon nan baki a rufe ba.

A Rano likita ya sa abin sauraro a ƙirjinta da bayanta, ya danna ƙafar kamar yadda Inna ta yi. Ya ce zuciyarta ce ta gaji, ruwa ya taru a jiki har ya fara hawa ƙirji. Aka ba ta gado nan take, aka fara ba ta maganin da zai fitar da ruwan.

Inna ta bi likitan har bakin ƙofa, da goyo a bayanta.

"Likita, gaya mini gaskiya. Ni na yi mata?"

Ya tsaya ya dube ta. Ya ce ciwon nan yana kama wasu mata bayan haihuwa ko an yi musu wanka ko ba a yi ba. Amma zuciyar da ta gaji, kanwa da gishiri da zafi mai yawa nauyi suke ƙara mata, don haka daga yau a bar su, wanka kuma da ruwa mai ɗumi ya isa. Sannan ya ce, "Hajiya, ke kika kawo ta, kuma kin kawo ta da sauran lokaci. Shi za ki riƙe."

Duk da haka Inna ta ƙi cin abinci. Na kawo mata, ta ce ba ta jin yunwa. Abokina ya sayo mata ƙosai, ta ce a ba yara. Washegari mai ɗakina, tana jingine da matasai, ta tura maganin da aka miƙo mata gefe.

"Inna, in ba ki ci ba, ni ma ba zan sha ba."

"Ji yarinya da rashin kunya. A gadon asibiti ma sai kin ja da ni?"

"Ke kika ce ke ce uwar. Da wa zan ja?"

Inna ta jawo kwanon ta buɗe. Tana ci tana share ido da bakin mayafi, wai yaji ne ya yi yawa.

A hankali ruwan ya sauka. Matar da muke wa murnar ƙiba sai ga ta siririya, ta fi da ramewa. Ranar da ta fara kwanciya a miƙe ta yi barci, Inna ta hana kowa motsi a kusa da gadon, har masu jinyar maƙwabta sai da ta sa suka rage murya. Bayan an sallame mu mun daɗe muna komawa ana dubawa, sau ɗaya ma har Kano aka tura mu. Sauƙin bai zo da gudu ba, amma ya zo. Silifan nan babba da na saya, ni na ƙarasa shi a hanyar gona. Itacen kuwa har wata damina ana girki da shi, abokina kuma bai fasa tambayata yaushe burodi zai fito ba.

Bayan kaka ma'aikatan lafiya suka dawo, suka tara tsofaffin mata da ungozomomi a ƙofar gidan mai unguwa. Suka ce a zagayen da suka yi, ba mace ɗaya ba ce ta faɗi irin wannan, kumburi da ɗaukewar numfashi a cikin jego, kuma yawanci ba wanda ta gaya wa a gida. Ba su kama sunan kowa ba. An ce wasu tsofaffi suka fara gunaguni, wai an zo a raba su da abin da suka gada. Sai Inna ta miƙe.

"Ba wanda ya kai ni hura wuta a garin nan, kun sani. Ban ce ku bar kula da 'ya'yanku ba. Na ce ku rage kanwa, ku sirka ruwa, ku danna ƙafa. In ya lotsa bai taso ba, ku bar arba'in ta jira."

Daga ranar Inna ta samu sabuwar al'ada. Duk gidan da ta je barka, kafin ta karɓi jariri sai ta durƙusa ta danna ƙaurin mai jego. Kuma ba ranar barka kaɗai ba, takan koma bayan suna ta sake. Sannan ta kori kowa daga ɗakin, har uwar mai jego, ta tambaye ta yadda take kwana. Mata suna mata dariya, suna cewa ga mai yatsa nan ta zo, a miƙe ƙafa. Amma akwai waɗanda ta sa aka kai Rano, kuma yau suna nan da 'ya'yansu.

Matar nan mai jaka ban sake ganinta ba. Ko sunanta ban tambaya ba. Amsar mai ɗakina ta shiga cikin na sauran mata, ta tafi inda ake tara su, ba suna ba alama. Ni dai abin da ya zauna mini shi ne, mu uku muke gida ɗaya, muna son juna iyakar so, amma sai da baƙuwa ta zo ta fitar da mu waje kafin gaskiya ta samu wurin fita. Ni ina tambaya, amma tambayar da na san amsarta nake yi. Wanda ka ce wa "Lafiya?" ai ka riga ka sa masa amsa a baki. Yanzu in zan tambayi iyalina, nakan ce, me kika ci, yaya kika kwana, ina ne yake ciwo. Sannan in yi shiru in jira, wanda shi ne ya fi wuya.

Jaririyar nan yanzu tana makarantar sakandare, ita take duba mini rubutu in na kakare. Inna kuwa Allah Ya yi mata rasuwa, Allah Ya jiƙanta. A ciwonta na ƙarshe mai ɗakina ce ta yi jinyarta, ita take mata wanka, tana gwada ruwan da gwiwar hannu kada ya yi zafi. Wata safiya ina zaune a gefe, ta gama shafa mata mai, sai na ga ta kama ƙaurin Inna ta danna a hankali. Inna ta buɗe ido.

"'Yar nan, ni ma jegon nake?"

"Ramawa nake, Inna."

Inna ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, har sai da aka ba ta ruwa.

Jiya da mai ɗakina ta dawo daga barkar maƙwabta, tana ninke mayafi, na ce mata, "Kin danna?"

Ta ce, "Na danna. Ya taso. Amma zan koma bayan suna."